Dutsen Taimamar Inna

An haife ni a shekarar 1979 a cikin tsohon garin Sakkwato, a wani gidan ƙasa da ke lungu ba nisa da Hubbaren Shehu, inda kiran sallar masallatai da yawa yake haɗuwa a tsakar gidanmu a lokaci guda. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku a sakandare, ya bar mu mu biyar a hannun mahaifiyarmu, wadda duk unguwa, babba da yaro, suke kira Inna. Da sana'ar dawo ta riƙe mu, da kiwon jajayen awakin nan na ƙasarmu, sannan ita ce uwar adashin matan lungun fiye da shekara 20, ba a taɓa jin kwabo ya salwanta a hannunta ba, alhali ba ta rubutu, a ka take riƙe lissafinta. Mace ce mai faɗa a ji: idan kishiyoyi suka saɓa wurinta ake zuwa, idan za a kai lefe ita ce a gaba, kuma tun da na yi wayo ban taɓa farkawa da asuba na same ta a kwance ba, kullum tana kan buzunta da tasbaha a hannu. Na kawo waɗannan ne domin mai karatu ya san wace ce matar da daga baya na riƙa magana a kanta tana kallona, kamar babu ita a ɗakin.

Bayan sakandare na shiga makarantar koyon aikin lafiya, na fito a 2002 a matsayin ma'aikaciyar lafiya a matakin farko, na yi ta aiki a ƙananan asibitoci, daga rigakafi zuwa awon ciki da wankin ciwo. A dangi ni ake kira likita, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana yi mini daɗi. Duk wanda kansa ya sara ni yake nema, kuma abin da na yanke shi ake bi.

A watan Afrilun 2015, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, Inna ta faɗi a bakin murhu da hantsi. Ta daɗe da hawan jini, amma ba ta shan magani sai ranar da kanta ya yi nauyi, kamar yadda da yawa daga cikin iyayenmu suke yi. Muka garzaya da ita Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ta yi mako uku a kwance. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Likitan da ya duba ta ya zaunar da mu ya bayyana cewa jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ne yake tafiyar da ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane a nan ne cibiyar magana take. Ya ƙara da cewa ɗaukewar magana ba gushewar hankali ba ce, tana iya fahimtar abubuwa da yawa ko da ba za ta iya mayar da amsa ba. Na gyaɗa kai a lokacin, har na fassara wa yayyena, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, domin hankalina yana kan jerin magunguna da ranakun zuwa gashi.

Da muka dawo gida na tsara jinya irin wadda nake ganin babu kamarta. Na liƙa takarda a bayan ƙofa mai ɗauke da lokutan magani, da na awon jini, da na juya ta duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta. Na hana a ba ta abinci a kwance, na ce a zaunar da ita sosai, kuma kunun ya zama mai ɗan kauri saboda haɗiya ta yi mata wuya. Da yake ina zuwa aiki kuma ina da nawa gidan a Mabera, muka ɗauko wata yarinya bazawara daga ƙauye ta zauna da ita dare da rana. A cikin kwana biyu na koya mata komai: yadda ake ɗaga mara lafiya, yadda ake sa famfas, yadda ake wanke baki, yadda ake shafa mai a gadon baya da duga-dugai. Duk abin da na koya mata aikin hannu ne. Ko kalma ɗaya ban ce mata ba a kan yadda za ta yi wa Inna magana, domin ni kaina ban san akwai wani abin koyo a nan ba.

Kalmomi uku ne suka rage a bakin Inna: "ruwa", da "a'a", da sunan Allah. Da na ga ana tambayar ta abu ta amsa da "ruwa", sai na yanke a raina cewa hankalin ya tafi, alƙalami ya sauka daga kanta, kuma na faɗa wa 'yan'uwana haka. Tunda likitar gida ta faɗa, babu wanda ya ja. A ɗakinta, a gefen gadonta, muka yi taron da aka raba wa mata kuɗin adashinsu, aka yanke shawarar sayar da awakinta don sayen magani, kuma ni da hannuna na kwance makullin akwatinta daga bakin zaninta na sa a jakata. Idan na shigo daga aiki, ba ita nake gaisarwa ba, yarinyar nake tambaya, "Ta ci? Ta yi bayan gida?", ko da kuwa akwai 'yan dubiya zaune, har da surukai. Idan kuma zan ba ta kunu sai in ɗaga murya in siranta ta kamar mai lallashin goyo: "Haɗiye mana, yawwa, ga 'yar kirki." Matar da ta haife ni ke nan, wadda ko sunan yayanmu na fari ba ta faɗa saboda kunya.

Wajen mako na uku da dawowarmu ta fara wani abu. Gadonta yana jingine da bangon ƙasa, sai ta riƙa miƙa hannun hagu tana shafa bangon da tafinta, sannan ta kai hannun fuskarta. Tana yi tana cewa "ruwa, ruwa". Idan aka kawo ruwan a kofi sai ta ture, wani lokaci har ya zube a shimfiɗa. Yarinyar ta kawo mini ƙara cewa Inna tana ɓata fuskarta da ƙasa, ni kuma, da ilimina na tsafta da ƙwayoyin cuta, na ce a riƙa goge mata hannu da tsumma mai ɗumi. Da abin ya ƙi ƙarewa, na sa ƙannena suka janye gadon zuwa tsakiyar ɗaki inda hannunta ba zai kai bango ba. Na lura kuma duk lokacin da aka kira salla takan yi hawaye, sai na ɗauka ƙarar lasifika ce take damun ta, na ce a riƙa rufe taga. Azumin wannan shekarar, wanda ya kama daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli, haka ya zo ya wuce. Ta rage cin abinci, ta riƙa datse baki idan ta ga ludayi, ta riƙa juya fuska idan na shigo. Na canza mata maganin ƙarin jini, na sayo madara mai tsada, na ce wa kowa gigin tsufa ne ya haɗu da ciwo.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, a watan Satumba, aminiyarta ta ƙuruciya ta zo daga Wurno, tsohuwar da muke kira Goggo, wadda ita ma ciwon ƙafa ya hana ta zuwa tun farko. Ina nan a ɗakin ranar. Ta yi sallama a bakin ƙofa ta tsaya, ba ta shigo ba sai da Inna ta juyo da idanunta. Ta ƙi kujerar da na miƙa mata, ta ja tabarma ta zauna dab da gadon ta ɓarin hagu, yadda fuskarta ta yi daidai da ta Inna. Sannan ta shiga gaisuwa tiryan-tiryan, ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi jiki, kuma bayan kowace tambaya sai ta yi shiru ta jira, kamar mai jiran amsar da ta tabbata tana tafe. Ni har na ƙosa, na ce, "Goggo, ai ba ta ganewa." Ko kallona ba ta yi ba. Ta ci gaba da ba Inna labarin wanda ya rasu a Wurno da wadda ta aurar da jika, Inna kuwa idanunta a kanta, har gefen bakinta na hagu ya motsa.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Inna ta miƙa hannu cikin iska wajen da bango yake, ta dawo da shi fuskarta, ta ce "ruwa". Na tashi zan ɗauko kofi, Goggo ta riƙe mini zani. Ta ce, "Tsaya, ɗiyata." Ta dubi hannun ya sake tafiya ya dawo, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ke, ba ki gani ba? Taimama taka yi. Ruwan alwala taka biɗa, ba na sha ba. Wa ka ba ta salla cikinku?"

Babu wanda ya amsa. Goggo ta fita tsakar gida da sandarta, ta ɗauko wani sumul ɗin dutse daga gindin randa, ta wanke shi, ta bari ya sha iska, ta kawo ta ɗora a cinyar Inna. Inna ta aza tafinta a kai, ta shafi fuskarta, Goggo ta kama mata hannun daman da ya shanye ta taimaka mata ta shafe shi. Muka juya gadon ya fuskanci alƙibla. Ta yi sallarta da ishara, leɓɓanta suna motsi, hawaye yana bin kuncinta har cikin kunne. Ni kuwa na fita bayan ɗaki na durƙusa inda turken awakinta yake a da, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da ta faɗi. Wata huɗu tana roƙon mu da hannun da ya rage mata, ni kuma ina sa a goge hannun da tsumma.

Daga wannan rana jinyar ta sauya, kuma ba wani sabon magani aka ƙara ba. Muka mayar da gadon jikin bango. Na koyi yi mata tambayar da amsarta i ce ko a'a, muka daidaita cewa idan ta matse mini yatsa i ke nan. Ta haka na gano abubuwan da suka ƙara kunyata ni. Ashe ƙin cin abincin ma yana da dalili biyu: ba ta son a ɗura mata kamar jaririya, kuma tana jin nauyin ci da hannun hagu. Sai da limamin unguwa ya zo ya zauna ya gaya mata da bakinsa cewa lalura ta halatta mata, sannan ta karɓi ludayi da kanta, tana zubarwa tana sha, muna shimfiɗa mata tawul a ƙirji. Ashe tana sane da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Na dawo mata da makullinta na ɗaure a bakin zaninta inda na kwance shi. Wata rana da dare, bayan kowa ya kwanta, na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo hannun hagu ta kama kunnena ta ɗan ja, yadda take yi mini ina yarinya idan na yi ɓarna, ta sake shi ta dafa kaina. Ta rasu a cikin hunturun Janairun 2017, da asuba, dutsen yana gefen matashinta.

Bayan rasuwarta mutane suna ta yaba mini cewa wata 21 tana kwance ko ƙurji bai fito mata a baya ba. Duk wanda ya faɗi haka sai in ji kamar ya watsa mini barkono a ido. Na fi shekara ba na iya jin kiran la'asar ba tare da gabana ya faɗi ba, kuma na kai ga tunanin ajiye aikin lafiya gaba ɗaya, domin ina ganin wadda ta kasa gane mahaifiyarta ba ta da bakin duba 'yar wani. Ayar nan ta Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya riske su, ta kuma yi umarni da a yi musu magana ta karamci, na haddace ta tun ina makarantar allo. Ban taɓa ce wa Inna "uf" ba. Amma ban taɓa tsayawa a kan rabin ayar na biyu ba, na tambayi kaina mece ce maganar karamci ga wanda ba zai iya amsawa ba.

Wata abokiyar karatuna da take aikin jinya a Ingila ce ta fitar da ni daga wannan rami. Da na ba ta labari ta waya, sai ta ce abin da na yi yana da suna a wurinsu, kuma ana koyar da masu jinya yadda za su kauce masa. Ta turo mini bayanai a kan abin da suke kira kulawar da ta sa mutum a gaba, wato a fara ganin mutumin kafin a ga ciwonsa. Wani malami a Jami'ar Bradford mai suna Tom Kitwood, wanda ya rasu a 1998, shi ne ya yi fice wajen kafa wannan tunani a jinyar masu cutar mantuwa, kuma ya jera halaye 17 da masu jinya suke yi, galibi ba da mugun nufi ba, waɗanda suke rushe mutuncin wanda ake jinya. A ciki akwai mayar da babba yaro, da yin magana a kansa kamar ba ya nan, da yi masa saurin da ba zai iya bi ba, da ƙwace masa abin da har yanzu zai iya yi da kansa. Ina karantawa ina ganin kaina a tsaye a ɗakin Inna. Na kuma ga cewa binciken da aka yi a gidajen kula da tsofaffi a Amurka ya nuna cewa maganar lallashin jarirai tana ƙara sa masu cutar mantuwa su ƙi wanka da abinci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kusan duk abin da takardun suka ce a yi, Goggo ta yi shi a gabana, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Abin namu ne tun asali. Gaggawa da taƙamar ilimi ne suka raba ni da shi.

A 2018 na fara tara mata masu zaman jinya a gidajen mutane, ranakun Asabar da Lahadi, a wani ajin Islamiyya da aka ara mini. Da mata shida na fara. Yawancin masu wannan aiki a garinmu zawarawa ne da matan da mazansu suka rasu, kuma a 'yan shekarun nan an samu ƙarin waɗanda rashin tsaro ya koro daga yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah. Babu wanda ya taɓa koya musu komai. Ana ɗaukar su ne kamar 'yan aikin gida, a haɗa musu wanki da shara da jinya a kuɗi ɗaya. Ina koya musu aikin hannu, domin gyambon kwanciya ma yana kisa, amma rabin lokacin a kan magana yake tafiya.

Ranar farko ba na yin bayani. Nakan sa ɗaya ta kwanta a tabarma, in toshe mata kunne da auduga, in ɗaure mata hannun dama da ɗankwali, in ce kada ta yi magana. Sai in sa wata ta ba ta koko tana tsaye a kanta, waya a kunne, tana hira da ta uku a kan cewa wannan tsohuwar ta cika rigima. Ba a cika minti biyar wadda take kwance take tashi zaune. Wata ta taɓa fizge audugar ta ce, "Malama, wallahi ji na yi kamar in mare ta." Na ce to, haka tsohuwarki take ji, bambancin kawai ita ba ta da hannun marin.

Daga nan muke bin abubuwan ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda yake baƙo ga tarbiyyarmu. A yi sallama a jira izini, ko da sau goma za a shiga ɗakin a yini, domin ɗakinta ne. A durƙusa ko a zauna, kada a tsaya a kan babba. A tambayi sunan da take so a kira ta da shi, Hajiya ko Inna ko Malama, kada a ɗauki wasan jika da kaka a kai wa matar da ba kakarki ba ce kuma ba ta ba ki wannan fuskar ba. Kafin a taɓa jikinta a gaya mata abin da za a yi, a wanke ɓangare ɗaya sauran jikin yana rufe da zani. A ba ta zaɓi tsakanin abu biyu, kunu ko fura, wanka yanzu ko bayan hantsi, maimakon a yi mata tambaya mai faɗi ko a yanke mata. Wanda ya fi ba su wuya shi ne jira. Nakan ce bayan kin yi tambaya ki yi salati uku a zuciyarki kafin ki sake buɗe baki, domin ƙwaƙwalwar da ciwo ya taɓa tana bukatar lokaci ta haɗa amsa, kuma duk maimaita tambayar da kika yi kin mayar da ita farko.

Batun ihu ma muna daɗewa a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai kawo musu cikas, kuma raunin ji na tsufa siririyar murya yake fara ɗaukewa. Saboda haka mai ƙwala ihu da siririyar murya wahalar banza take yi, ga kuma fuskarta ta koma ta mai faɗa. Abin da yake aiki shi ne a kashe rediyo, a fuskanci tsohuwar inda haske yake a fuskar mai magana don ta ga leɓɓa, a yi magana a natse da murya mai kauri. Sannan ina ja musu kunne cewa idan tsohon da yake cikin hayyacinsa jiya ya wayi gari yana sambatu, kada a ce gigin tsufa ne a yi shiru. Sau da yawa ƙarancin ruwa a jiki ne, musamman a bazararmu, ko ciwon sanyin mafitsara, ko sukari ya faɗi, kuma asibiti yake bukata a ranar.

Masu cutar mantuwa su ne suka fi shan wahala a hannunmu, domin har yau akwai gidajen da idan tsohuwa ta fara fita da dare ko kiran sunayen matattu sai a fara raɗe-raɗin maita ko aljanu. Nakan ce wa ɗalibaina idan Hajiya ta tambayi mijinta da ya rasu shekara 15 da suka wuce, kada ki ce mata ya mutu, domin a wurinta yau ne ta fara jin labarin, kuma gobe ma za ki sake kashe mata shi. Kada kuma ki yi mata ƙaryar ya tafi kasuwa. Ki ce, "Hajiya, kina kewar Alhaji ko? Wane abinci ya fi so?" Sau da yawa abin da take nema ke nan, a zauna a tuna shi tare da ita. Kowace ɗaliba nakan sa ta cika shafi guda a kan wanda take jinya: garin da aka haife shi, sana'arsa, abin da yake ƙi, surar da yake son a karanta masa, da harshen da ya fara ji a duniya. Wannan na ƙarshe wata ɗaliba ce ta koya mini shi. An kai ta jinyar wata dattijuwa a Runjin Sambo wadda 'ya'yanta suka ce ta daina magana sai surutai. Da ta saurara sai ta ji Fillanci ne tsantsa; matar ta tashi a ruga, ta yi shekara 60 tana Hausa a birni, ciwon ya share Hausar ya bar mata harshen uwarta. Ɗalibar tawa Bafillatana ce daga wajen Tureta, ta amsa mata, dattijuwar ta riƙe hannunta ta ƙi saki.

Ba zan ce komai yana tafiya daidai ba. Masu gida sun fi ɗalibai wuyar koyarwa, kuma na san dalili tunda na taɓa zama ɗaya daga cikinsu. Akwai ɗalibata mai hankali da aka sallama bayan mako biyu, uwar gidan ta ce mini ta waya, "Mun ɗauko ta aiki ta zo ta zauna tana hira da Baba." Na yi bayani har na gaji, ba ta sauya ra'ayi ba, yarinyar kuma ta rasa abin da take ciyar da marayunta uku da shi, abin da ya sa na daɗe ina tambayar kaina ko na cuce ta da na koya mata. Tun daga lokacin ba na tura kowa gida sai na je da kaina na zauna da 'ya'yan tsohon, na ba su labarin bangon Inna. Akwai kuma maganar albashi: matar da ake biya abin da bai kai kuɗin buhun gero ba, ba ta barci, ba ta da ranar hutu, da wuya a ce kullum ta yi salati uku tana jiran amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin al'umma a shekara guda, kuma a abin da na gani da idona, gajiyar mai jinya tana cikin manyan ƙofofin da abin yake shigowa. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsofaffi a 2021, an kuma kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a Abuja, amma a lungunanmu har yau 'ya da suruka da bazawarar ƙauye ne suke ɗauke da kayan.

Yarinyar da ta yi jinyar Inna ita ce mataimakiyata a yanzu, kuma ta fi ni iya nuna yadda ake zama a gefen gado. Ita ce take ɗauko dutsen daga jakata ta ɗora a kan tebur idan muka zo darasin alwala da taimamar mara lafiya, ta nuna yadda ake kama hannun da ya shanye. Goggo ta rasu a 2020, ban samu na kawo ta ajin ba ko sau ɗaya, duk da na sha yi mata alkawari. A rukunin da za mu fara bayan salla, a karo na farko maza huɗu sun rubuta suna, dukansu masu jinyar iyayensu maza ne, ɗaya ɗan kabu-kabu, ɗaya mai sayar da albasa a kasuwa. Ni ba zan iya nuna musu wankan dattijo ba, kuma bai dace in yi ba, don haka ina neman wani ma'aikacin jinya namiji da ya yi ritaya wanda zai ba mu Asabar biyu a wata.